Gadon Haihuwa na Aro

Asabar: Keffi zuwa Agwada

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka bar gidana a Tudun Ƙofa, ana yayyafi. Motoci biyu ne: ni da direbana Sale a gaba, mataimakina Yakubu da mai ɗaukar hoto a bayanmu. Na sha sabuwar shadda fara sol, na karkata hula, ina ji da kaina. Za ni buɗe ƙaramin asibitin da na gina a wani ƙauyen mazaɓata, gaba da Agwada. Zan kira ƙauyen Tudun Rimi, don ba na son a je ana nuna mutanensa da yatsa kan laifin da ba nasu ba.

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu. A lokacin ina da ƙudiri a gaban majalisar jiha, wanda zai tilasta kowane asibitin gunduma ya mallaki gadon haihuwa da firij mai aiki da sola. Ranar Talata za a yi masa karatu na biyu, ni kuwa ina son in shiga zauren da hotuna a hannu, in ce ga shi ni na fara a gida. Gini ya kammala, amma ɗan kwangila ya ce kayan ciki sai wata mai zuwa. Da Yakubu ya kawo mini wannan labarin, ko kai ban ɗaga ba na ce masa, "Kai dai ka san yadda za ka yi." Ban tambayi yadda zai yi ba, domin ba na son in sani.

A shingen 'yan sanda na bakin gari suka leƙa, suka ga lambar mota, suka sara mana. Ƙarfe shida da kwata muka karya kwana a mararrabar Kokona. Daga nan hanya ta fara nuna mana halinta na damina, Sale yana kauce wa rami yana faɗawa ƙaninsa, yana mita cewa mu 'yan majalisa bayanmu ya fi na kowa ƙwari, tun da mun iya jure hanyar da muka ƙi gyarawa. Shekara tara yana tuƙa ni, bakinsa bai taɓa jin tsorona ba.

Mun shiga Agwada bakwai da rabi. Muka karya kumallo da doya da ƙwai wajen wata mai abinci kusa da kasuwa. Ta ƙi karɓar ko kwabo, wai ta ji a rediyo ina fafutukar lafiyar mata. Na yi murmushi irin na manya, na sa mata albarka.

Tudun Rimi

Kilomita goma sha ɗaya ne daga Agwada, amma sai tara da rabi muka isa. An kafa rumfuna, mata sun yi anko, 'yan banga sun tare hanya gaba da baya don kada babura su dame mu. Na yanka kirtani na shiga. Wallahi abin ya burge ni! Ga gadon haihuwa an shimfiɗa masa sabon zani, ƙafafunsa huɗu an naɗe su da ƙyalle kore da fari tun daga sama har ƙasa. Har na yaba wa wanda ya yi adon. Ga firij yana ta gurnani a kusurwa. Na buɗe shi, cike yake da magani. Na ɗauko wata 'yar kwalbar allura na ɗaga sama, mai hoto ya ce in ƙara ɗagawa, na ƙara.

Sannan na hau jawabi. Waɗanda suka san ni sun san idan na riƙe makirufo sai an yi da gaske. Minti hamsin na yi ina rantsuwa cewa daga yau babu macen da za ta sake haihuwa a ƙasa a wannan yanki. Ina cikin magana na hangi 'yan banga suna tura wani mutum mai babur baya, yana ta ɗaga hannu yana nuna ginin. Na ɗauka mai neman taimako ne, na ci gaba da abina.

Hanyar Udege

Sha ɗaya da rabi muka ɗau hanyar Udege, da niyyar mu zaga ta Nasarawa mu koma gida. Ba mu yi kilomita bakwai ba Sale ya taka burki da ƙarfi. Wata dattijuwa ce tsaye a tsakiyar titi, da farin kayan asibiti, gaban rigar duk jini. Bayanta wani tsohon ɗakin shan magani ne mai rufin kwano. Ita ce ungozomar wurin, ana kiranta Mama Rifkatu.

Ba ta gaishe ni ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta ce wata mai suna Laraba ta haihu ƙarfe tara, jini ya ƙi tsayawa. Allurar da ke tsayar da shi tana cikin firij, firij ɗin kuwa tun jiya da yamma aka zo da mota aka ɗauke shi da abin da ke ciki, aka haɗa da gado, wai za a maido idan babban baƙo ya tafi. Ta tura mijin, Ayuba, a kan babur ya karɓo allurar, aka hana shi shiga saboda Honarabul yana jawabi.

Na juya na kalli Yakubu, ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki zan zazzaga masa masifa, sai na tuna ni na ce masa ya san yadda zai yi.

"Honarabul," in ji ta, "faɗan ku yi shi daga baya. Mota ɗaya ta koma ta ɗauko allura, ɗaya ta kai mu Nasarawa. Jini take buƙata."

Na shiga ɗakin. Laraba na kwance a kan tabarma da leda a ƙasa, daidai inda ƙafafun gado suka bar tabo huɗu a siminti. Leɓɓanta sun yi fari. Jaririn yana gefe a cikin zani. Ayuba na durƙushe kusa da kanta, shi ne mutumin da na hanga ɗazu. Da ya gan ni sai ya cire hula ya gaishe ni. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Yakubu ya dawo da allurar cikin minti ashirin da biyar. Kwalbar da na ɗaga wa mai hoto ce ko 'yar'uwarta, ban sani ba. Mama Rifkatu ta yi wa Laraba allurar, muka kwantar da kujerun baya, ni da Ayuba muka ɗauko ta. Shaddata ta tashi daga fara.

Nasarawa

Sale ya yi tuƙin da ban taɓa ganin ya yi ba. A wani shinge jami'i ya matso da fara'a zai gaisa, ya leƙa baya, ya yi tsalle ya janye katako. Mama Rifkatu tana ta murza cikin Laraba tana kiran sunanta don kada ta yi barci, Ayuba yana addu'a da harshensu. Ni ba ni da aikin yi sai riƙe jariri.

Biyu saura muka isa asibiti. Aka gwada jininmu, na Sale ya dace, nawa bai dace ba. Ko wannan ban iya ba ta ba. Bayan la'asar likita ya fito ya ce ta farfaɗo, amma da an ƙara awa guda da labari ya sha bamban. Muka kama ɗaki a wani masauki kusa da tasha. An kawo sakwara da miyar agushi, na kasa ci.

Lahadi: maido da kaya

Ƙarfe shida na safe na ɗauki hayar a-kori-kura, muka koma Tudun Rimi. Na ce ba wanda zai taɓa gadon sai ni. Da na warware ƙyallen ƙafa ta farko sai na ga dalilin adon: sunan ɗakin shan maganin Mama Rifkatu ne rubuce da jan fenti, a kowace ƙafa. Da muka sauke mata kayan na tambaye ta. Ta ce ita ta rubuta da hannunta, saboda ba yau aka fara aron gadon ba, duk sanda wani babba zai zo kewaye sai an zo an ɗauka, kuma akwai lokacin da ya yi sati uku bai dawo ba. Na ba ta haƙuri. Ta ce ta ji, in matsar mata da firij ɗin jikin bango.

Da rana na koma Nasarawa duba Laraba. Tana zaune tana shan kunu. Ayuba ya tare ni a baranda da murna, ya ce Allah ne ya kawo motata, kuma sun yanke shawara yaron zai ci sunana. Na ce ya dakata. Na gaya masa komai, cewa saboda ni aka ɗauke gadon da firij, saboda hotona matarsa ta haihu a ƙasa. Na jira ya zage ni. Da ya zage ni ma da na ji sauƙi.

"Ai mun sani, ranka ya daɗe," in ji shi. "Da ni aka ɗora gadon a mota. Ni na kama ƙafa ɗaya. An ce babban mutum zai zo, bai kamata ya ji kunya ba."

Komawa gida

Daga Nasarawa zuwa Keffi kilomita arba'in ne da 'yan kai. Mun iso Tudun Ƙofa ana kiran magariba. Uwargida ta buɗe ledar da na cusa shaddar, ta dube ni, ba ta tambaya ba sai da na ci abinci. Ranar Talata na tashi a zauren majalisa ba hoto ko ɗaya, na ba su wannan labarin kamar yadda na ba ku, na kuma nemi a ƙara sashen da ya hana ɗauke kayan asibiti don tarbar baƙo. Wasu sun yi dariya, wasu sun kalli ƙasa, na san su ma an taɓa yi musu ado da ƙyalle.

Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya, ya bar Laraba a kan ɗanta. Na gode wa Sale da jininsa, na gode wa Mama Rifkatu da ta tsaya a tsakiyar titi. Na roƙi Ayuba kada ya sa wa yaron sunana, bai ji ba. An ce har ya fara rarrafe. Sau biyu suna aiko mini in je in ga takwarana, har yau ban iya zuwa ba.