Fatar Ƙasa a Tudun Innarmu

Mu uku muka fito daga Ƙofar Marusa bayan sallar asuba: ni, da ɗana Malam Kabiru, da matarsa Rabi da ta raka mu tasha ta koma. Saƙon ƙanena Sale ne ya tashe ni daga zaune. Wai gonarmu ta gado, can arewa da Tasawa, ta daina riƙe ruwa, zai kwaso iyalinsa su dawo gidana. Na san Sale da son jiki tun yana yaro. Na ce sai na gani da idona.

Hanyar Ɗankama

Direba ya so ya ɗora mini buhun albasa a ƙafa. Kallo ɗaya na yi masa, ya mayar da shi sama. A Kaita muka sha koko da ƙosai. A bakin iyaka wani jami'i ya tambayi abin da ke jakata, na nuna masa buta da carbi, ya ce Mama a sauka lafiya.

Tasawa

Da la'asar muka iso, muka kwana gidan wata ƙawata, ta yi mana tuwon gero miyar kuka. Da asuba na shafa tabarmar da aka bari a waje. Babu raɓa ko kaɗan, iskar ma da ɗuminta. Daga nan sai amalanken shanu har ƙauye.

Garinmu

Bayan gaisuwa Sale ya ce, "Yaya, ki huta mana."

"Ban zo hutu ba. Cika mini butar nan."

A tudun da ke saman gonar akwai wata baƙar fata siririya da ke lulluɓe rairayi tsakanin sabara. Innarmu kan ce tana da rai, kuma duk yaron da ya taka ta sai ya sha bulala. Ita ke hana iska kwashe ƙasa, ita ke rufe damshi ya gangara gona a hankali. In aka zuba mata ruwa, kafin a idar da salla ta yi kore.

Na tarar ta koma launin toka, tana marmashewa. Na ce da Sale awaki ya bari suka tattake ta. Sai ya nuna mini shingen ƙaya da ya kewaye tudun. Na zagaya, ban ga sawun kofato ko ɗaya ba.

Na zuba ruwan, na yi azahar a gefe, na dawo. Babu kore. Na tona da yatsa, ƙasan ma har ya bushe.

"Zafi ne, Yaya," in ji shi. "Yayyafi ya tashe ta, kafin ta sha, rana ta ƙone ta. Dare ma ba ya sanyi ta farfaɗo."

Kabiru ya fara wani bayani da ya ji a rediyo, na ɗaga masa hannu. A gindin wata aduwa na sami ɗan guntun fatar da ya rage baƙi, na ɓamɓaro shi cikin kwano.

Na ce da Sale, "In kun yi girbi, ku taho."

Gida

Muka biyo hanyar da muka je, bayan kwana biyu muka shigo Katsina da magariba. Na gode Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa ƙawata da mai amalanke. Washegari da safe na ajiye kwanon a inuwar randa, na yayyafa masa ruwa. Sannan na ɗauki tsintsiya na buɗe ɗakin da ke kusa da zaure.