Waken Suya a Kwanon Baba

A sanyin shekarar da Baba ya kwanta, ni ce na yi ƙiba a gidanmu. Kafin nan siririya ce ni kamar sillen kara, har yayyena suna cewa in iska ta taso a riƙe ni. Ina aji biyu na sakandare a lokacin.

A Unguwar Dosa muke, gida mai ɗaki uku da bishiyar gwaiba a tsakar gida. Baba akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati. Tun da damina cikinsa ya fara ƙin abinci. Kafin sanyi ya shigo ya daina fita aiki, wandunansa duk sun yi masa yawa. Wata nas ce a asibiti ta ja Umma gefe, ta ce tunda nama yana ba shi wahala, ta nemi waken suya ta riƙa sa masa a duk abin da zai ci, yana gina jiki. Umma ta karɓi maganar nan hannu bibbiyu.

Mu dai a lokacin ba mu san waken suya a tukunya ba. Umma ta bi ta tambaya har ta iya. Takan soya shi a kasko har ya yi ƙamshi, ta ɓarza, ta bushe dusar, sannan a kai inji. In aka yi gaggawa wajen suyar sai ya yi gafi, to sai ta zubar wa kaji ta sake sabo. Da safe a kunu take damawa, da dare a tuwon masara da miyar kuka, da rana kuma awara, wadda ta koyo a wurin wata mata a Abakpa. Tukunyar Baba daban take. Mu lafiyayyu ko ɗanɗano ba a ba mu.

Baba shi kaɗai yake cin abinci a ɗakinsa, ni auta nake kai masa, ni nake dawo da kwano. Ran farko ya yi loma biyu ya ture. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Uwata, zauna ki cinye."

"Baba, naka ne ai."

"Na sani. So kike ki mayar mata da shi haka?"

An koya mana ba a ƙin ragowar uba, albarka ce. Na zauna na cinye. Da zan fita ya ce, yana ɗan murmushi, "Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Na gane.

Kafin in ajiye kwanon, Umma ta ɗaga murfi. Ta ga wayam. Ta ce alhamdu lillahi har sau ba adadi, washegari kuma ta ƙara yawan tuwon.

Haka muka ci gaba. Yana jingine cikin bargo da hular sanyi, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, yana kallona ina ci. Wani lokaci ya tambaya, "Ya yi daɗi?" In ce e. Ya ce, "To ki gaya mata na ce ya yi daɗi." In fito in gaya mata, sannan in zauna da yayyena in ci nawa kason don kada a tambaye ni. Da na girma na sha neman abin da nake ji a kwanakin nan, ko tsoro, ko kunya, ko tausayi. Ban samu komai ba. Tauna kawai nake yi in haɗiye, kamar wadda aka ba wanki.

Umma kuwa ta zama malamar waken suya a layinmu. Mata suna shigowa su tsuguna bakin murhu, ga shan ɗumi ga karatu, tana nuna musu kalar da waken zai yi kafin a sauke. Kullum tana ganin Baba, tana ganin yadda wuyansa yake ƙara tsawo. Amma kwano yana dawowa wayam, ita kuma kwanon ta gaskata. Takan ce daga ciki yake fara ginin, sai daga baya ya fito waje.

A jikina ya fito. Suwaitar makaranta ta daina rufuwa. Kowa a aji ya yi furu-furu, leɓe duk ya tsage, ni ina ta sheƙi. Umma ta ce budurci ne.

Baba ya rasu wata Alhamis bayan la'asar, sanyi bai gama tafiya ba. Ban yi kuka ba. Na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarmi.

Ana zaman makoki sai gwaggo, ƙanwar Baba da ta zo daga Zariya, ta kama kumatuna ta ja.

"Masha Allah! Wannan me kuke ba ta haka? Ko ita ma waken nan ne?"

"A'a, wannan nasa ne shi kaɗai," in ji Umma, "kuma cinyewa yake..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta dube ni, daga fuska zuwa damtse, ta daɗe tana duba. Na zuba wa tabarma ido. Wasu mata suka yi sallama, ta juya tana amsa gaisuwa.

Sai da baƙi suka watse, wata safiya na ji ƙamshin suyar wake. Da dare ta tuƙa tuwo, ta kwashe a kwanon Baba, ta ajiye a gabana. Ta zauna a kujera 'yar tsuguno, ta ja mayafin takaba.

"Auta, loma nawa yake yi?"

"Biyu. Daga baya ɗaya."

"Shi yake cewa ya yi daɗi?"

"Shi yake cewa in gaya miki."

Ta gyaɗa kai. "Cinye, kada ya huce."

Na cinye. Ta miƙo hannu ta karɓi kwanon, ta leƙa ciki yadda ta saba, sannan ta tashi ta kai wurin wanke-wanke.