Ɗingishin Orville a Kan Takarda

Duk wani kurma a garin Akron ya san Wilma Pruitt, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta yarda da kowa ba. Ko ruwa ka ce mata ana yi, sai ta leƙa taga. Mu da muka yi shekara talatin da ita a ƙungiyar kurame ba mu ga laifinta ba, don mun san mafarin abin.

Tana 'yar shekara goma sha ɗaya a makarantar kwana ta kurame, ita da ƙanenta Orville, wasiƙar mahaifiyarsu na zuwa duk mako biyu. Da suka koma gida hutu, sai suka tarar an binne uwar tun wata huɗu. Ashe ƙanwar babansu ce ke rubuta wasiƙun, wai don kada karatun yara ya lalace. Halin masu ji ke nan, su yanke maka hukunci a bayan idonka, su ce tausayinka suke ji. Tun ranar Wilma ta daina karɓar magana sai ta ga hannun mai yin ta.

Ta yi shekara ashirin da takwas a masana'antar taya, ta yi aure, ta binne miji. A 1971 ƙungiya ta samo mata wayar rubutu, wani tsohon inji mai girman firji. Ka ɗora kan tarho a ƙoƙuna biyu na roba, ka danna harafi, nan take ya faɗo a takardar wancan gidan. In ka gama ka buga GA, wato saura kai, kuma ba a katse mutum kafin nan.

Masu ji da murya suke gane mutum. Mu da tafiyar hannu muke ganewa. Orville a Toledo yake, kuma injin buga jarida ya cinye masa yatsu biyu na hagu, saboda haka haruffansa sukan zo uku a guje, su tsaya, su sake zuwa uku. Wilma ta sa wa abin suna ɗingishi. Duk Lahadi ƙarfe biyu, an taso coci, fitilar falonta za ta yi walƙiya alamar kira ya shigo, ta ɗora tafinta a jikin injin ta ji shi yana tahowa.

"Gurgu, ka iso? GA"

"Na iso, Yaya. Tsiwar dai ba ta mutu ba? GA"

Haka suka yi shekara goma sha bakwai. A bazarar 1988 sai Lahadi uku suka wuce shiru. Wilma ta kira, Darlene ta ɗauka, 'yar Orville ce, mai ji, ta ce Baba mura ce ta kwantar da shi. Mura! Wilma ta san irin wannan murar.

Lahadi ta huɗu fitila ta yi walƙiya. Ta ɗora tafi, injin ya ɗauka tatata babu tsayawa, layi huɗu sumul: "Yaya, ni ne Orville. Darlene ta haɗa min kwamfuta da layin waya, yanzu da ita nake kira. Ina nan lafiya ƙalau, kada ki damu. GA"

Babu ɗingishi ko ɗaya.

Ta buga, "Wa ke nan? GA"

Shiru har minti biyar, sannan kalma uku suka faɗo lokaci guda: "Ni ne mana. GA"

"To in kai ne, yaya sunan karen da muka ɓoye a ɗakin wanki na makaranta? GA"

Wannan karon shirun ya kai minti goma, kuma amsar ta zo daidai. Maimakon hankalinta ya kwanta, sai ma ya ƙara tashi. Orville ba ya zubar da takardun hirarsu, a kwali yake tarawa, ta sani. Minti goma ai ya ishi yarinya ta kwance naɗin takarda ta nemo sunan kare.

Ta buga, "Ƙarya kike, Darlene." Ta cire kan tarhon ba ko sallama, wanda a wurinmu daidai yake da rufe wa mutum ƙofa a fuska.

Ran Laraba ta tare Hollis a ƙungiya, shi ne mai gyara mana injuna. Ta shimfiɗa masa takardar a kan teburin karta. Hollis ya karanta, ya ce babu wani abin mamaki. Kwamfuta da wayar rubutu ba yarensu ɗaya ba, akwai ɗan akwati da ake sa wa tsakani ya yi musu tafinta. Kuma kwamfuta na iya riƙe rubutu, sai an gama ta sake shi gaba ɗaya.

Hannuwan Wilma suka tashi. "Kai ma sun biyo ta wurinka ke nan?"

"Haba Wilma! Ni da ko Toledo ban taɓa zuwa ba?"

"Inji na riƙe magana, ka ce. To mutane ma na riƙe gawa wata huɗu, malam. Na gani da idona."

Washegari ta hau motar Toledo ba ta faɗa wa kowa ba. A jakarta akwai baƙar rigar da ta sa ranar jana'izar mijinta. Tsoro take ji, tsoro sosai, sai dai a wurin Wilma tsoro da faɗa kamanninsu ɗaya.

Darlene ta buɗe ƙofa, ta ja da baya. "Gwaggo!"

"A ina kuka binne shi?"

Idon yarinyar ya ciko, ta nuna ɗakin baya.

Orville na nan da ransa, a kan keken guragu, gaban kwamfutar. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun yana yashe a cinya. Na hagun mai yatsu uku ne ke shawagi a kan haruffa yana rawa, ya kai, ya kuskure, ya goge, ya sake. Wanda bai san kurma ba ba zai gane girman wannan ba: hannu shi ne bakinmu. Wilma ta leƙa ta kafaɗarsa. Saƙon Lahadi mai zuwa yake haɗawa tun ran Litinin, bai cika layi biyu ba. "Yaya kada ki yi fushi da Darlene ni ne wallahi ni"

Darlene ta taɓa ta. "Shi ya hana a faɗa miki, Gwaggo. Shi ya ce in haɗa kwamfutar don ta ɓoye hannunsa. Na ce masa za ki gane, ya ƙi ji."

Wilma ta zaga gabansa. Ni dai da na so a ce rungume shi ta yi, amma ina!

"Kai ma, Orville? Kai da muka tsaya tare a kan kabarin Mama muna riƙe da wasiƙun ƙarya? Kai ma ka zama mai tausayina?"

Ya ɗaga yatsun nan uku da ƙyar, ya kai kumatu, ya yi alamar kalma ɗaya. "Kunya."

Ta zuge jaka, ta zaro baƙar rigar, ta ajiye masa a cinya. "Ka ga abin da kunyarka ta sa na ɗauko."

Orville ya kalli rigar, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na girgiza. Wilma ta bar shi ya gama, sannan ta juya wurin Darlene.

"Wannan abin naku, zai iya sakin harafi ɗai-ɗai, yadda yake bugawa?"

"Maɓalli ɗaya ne, Gwaggo."

"To danna. Kuma ki yafe min ƙaryar da na ce kin yi."

Lahadi ƙarfe biyu, fitilar falon Wilma ta yi walƙiya. Ta ɗora tafinta a jikin injin. Harafi ɗaya ya buga. Shiru. Wani ya biyo, ba daidai ba, aka sake. Shayinta ya huce, ƙafafunta suka yi tsami, ba ta zauna ba kuma ba ta ɗaga hannun ba. Sai da minti goma sha ɗaya suka cika kafin layin ya tsaya: "Na iso, Yaya. GA"

Ta share ido da bayan hannu don ta ga haruffa, sannan ta buga.

"Ka makara, Gurgu. Ci gaba, ina nan. GA"