Jan Zare a Ƙafar Wando

Mahaifina tela ne a Tanut, kuma da ƙafar wando aka san shi. Teloli ba su yi kaɗan ba a bakin kasuwa, kowa na iya ɗinka maka riga da wando mai zariya. Amma ma'aikatan biro, wato ofis, da malaman lakwal, makarantar boko, da jandarmomi, in an turo su daga Damagaram da wandunansu irin na Turawa, zaurenmu ake nuna musu, don Baba kaɗai ke yin ɓoyayyiyar kalmasa da keke. Ya naɗe bakin wando ya ɗinke, ka duba ta waje ba ka ga zare ba, sai ka ce yadin ne ya kwanta don kansa.

Kekensa baƙi ne, na ƙafa, ɗinkin miƙe kawai ya iya. Dabarar a hannu take. Sai ya juya wandon, ya naɗe bakin, ya danne da dutsen guga, sannan ya sake lanƙwasa jikin wandon baya har ɗan leɓen naɗin ya leƙo. A kan leɓen nan yake tafiyar da allura. In ya ɗan yi gaba sai ya tsayar da ƙafa, ya karkato yadin, ya juya keken da hannu, allura ta ɗan ciji jikin wandon, silin zare ɗaya ko biyu, ya koma kan leɓen. Tsakanin cizo da cizo, faɗin babban yatsansa ne ma'auni. Kuma bai taɓa miƙa wa mutum wando ba sai ya zagaya cikin kalmasar da yatsan nan, ƙafa bayan ƙafa, ko da mai wandon na tsaye yana sauri.

Allah bai ba shi ɗa namiji ba, don haka ni ya koya wa, tun ina budurwa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake ce mini, ko yana faɗa. Faɗan kuwa na sha shi. “Uwata, cizo na ce, ba haɗiya ba.” Ni ma ba haƙuri ne da ni ba, in ya warware mini aiki sai in tashi fuu in shige gida, in na huce in dawo.

Aurena ya mutu a shekarar da ta biyo bayan babban farin nan na biyu da ya hallaka dabbobi, na dawo gida da 'yata a goye. A ranar farko na gane idon Baba ba daidai yake ba. Na tarar da shi ya ja keken har bakin ƙofar zaure, yana ta cusa zare a gefen allura, zaren na wucewa ta iska. Ashe yana ce ta rufe masa ido, na dama ya yi fari kamar an ɗiga nono. Na tambayi Inna a madafa, ta ce kowa ya sani, ba dai mai faɗa masa. Wa zai dubi tsabar idon dattijo ya ce aikinka ya ƙare?

Ni abin da nake tsoro shi ne ranar da zai sauka daga kujerar nan. Na ga tsofaffin layinmu da fari ya cinye musu dabbobi, yadda suka zauna gindin bango ba aikin fari ba na baƙi, suka narke a zaune. Baba ba shi da gona ta kirki, ba shi da hira, ba ya dara. Keken nan ne kawai ke fitar da shi daga ɗaki.

Sai na ɗauki wani aiki ba tare da an sa ni ba. Kullum kafin ya dawo daga masallaci da safe, in duba wandunan da za a yi, in zaɓi zaren da ya dace da kowane yadi, in cika kwarkwaron zaren ƙasa, in zura allura. Ya zo ya zauna, ya shafa, ya ji zare a wurinsa, ya yi bisimilla ya taka. Bai taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa cewa komai ba. In za a canza launi sai in ƙirƙiro dalili, in ce bari in share keken, ƙasa ta shiga. Hannunsa kuwa ko gezau. Wallahi kalmasar da ya yi a makance ta fi tawa da ido biyu.

Haka muka ci rani da damina. Gab da buɗe lakwal ƙanwata ta haihu a Belbeji, dole in je suna. Akwai wandon wani malamin lakwal ɗin gari, mushe kamar yadda muke kiransu, sabon yadin targal shuɗi mai duhu, da shi yake so ya shiga aji ranar farko. Na zura shuɗin zare na bar shi a keke, na hau kamiyon 'yan kasuwa. Na so in kwana ɗaya, mota ta ƙi samuwa, sai ranar Juma'a da hantsi na iso.

Na sami wandon a ninke, an goge shi tas. Na buɗe a hasken ƙofa. Ƙafar dama lafiya lau. Ƙafar hagu kuwa, daga tsakiya, jajayen ɗigo ne a jere a kan shuɗi, tsaf, kowane a mazauninsa. Zaren ya ƙare masa ana cikin aiki, ya laluba gwangwanin zare ya ɗauko wanda ya ji girmansu ɗaya. Allah kaɗai ya san daɗewar da ya yi kafin ya zura allurar nan shi kaɗai. Wannan ne ya fi ci mini rai, har na zauna a kan kujerarsa na yi kuka, ina jin haushin motar, da sunan, da ƙanwata da ba ta san ma ana yi ba.

Da ma mushe ya ce bayan sallar Juma'a zai zo. Ina ganin Baba ya ɗauki sandarsa ya nufi masallaci, na sa reza na warware ƙafar hagun gaba ɗaya, na tsince jan zaren sili-sili na zuba a murhu. Na zura shuɗi, na ɗinka a natse, yadda ya koya mini, cizo ba haɗiya ba. Na goge, na ninke, na mayar inda na ɗauko. Inna tana kallona daga tsakar gida.

Baba da mushe tare suka shigo, suna zancen hatsin bana. Ina daga bayan labulen da ya raba zaure da gida. Baba ya ɗauki wandon, ya zura babban yatsa cikin ƙafar dama ya zagaya. Ya koma ta hagu. Ya fara tafiya, ya tsaya, ya dawo baya, ya sake bi a hankali. Sai a lokacin na tuna yatsana bai kai nasa faɗi ba. Cizona ya fi nasa kusa da juna.

Ya miƙa wandon. Mushe ya ɗaga ya duba, ya ce, “Baba, hannunka dai ba ya tsufa.”

Baba ya ce, “Allah ya sa a kashe lafiya.”

Da mutumin ya fita, Baba ya zauna, ya ɗora tafinsa a kan keken. Can ya ce, “Uwata.”

Na fito na durƙusa.

“Wane launi na sa?”

Na so in yi ƙarya, na ga ba ta da amfani. Na ce, “Ja, Baba.”

“Ya fito sosai?”

“Ya fito.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “Ɗinkin fa?”

“Ɗinkin ba abin da ya same shi.”

Ya ja tsumma ya rufe keken tun la'asar ba ta yi ba.

Washegari na tashi kamar kullum, na cika kwarkwaro, na zura allura, na goge masa kujera. Ya dawo daga masallaci, ya tsaya a bakin ƙofa, ya sa Inna ta kawo masa tabarma. Ya shimfiɗa ta a gindin bangon zaure, ya jingina sandarsa, ya zauna.

Na ce, “Baba, ga wandon jandarma can yana jira.”

Ya ce, “To, hau mana. Ki buɗa cizon kaɗan, yatsanki ƙarami ne.”

Na hau, na taka. Ya ƙara 'yan shekaru a duniya, kuma kowane wando na gama sai na miƙa masa ya zagaya da yatsa kafin mai shi ya karɓa. Amma daga ranar nan bai sake ɗora ƙafarsa a kan keken ba.