Hoton Uwar Kafinta

Ban taɓa jin tsoron hoton da na ɗauka da hannuna ba sai shekarar da na dawo daga duwatsun Nepal. Ni mai hoto ne, haifaffen Jidda, jikan alhazan da suka zo sauke farali suka zauna. Shagona yana unguwar Bani Malik, nan nake ɗaukar hoton iƙama, wato takardar izinin zama, da na fasfo, in Allah ya kawo biki in je in ɗauki ango da abokansa. A unguwarmu na koyi cewa kyamara ba abin wasa ba ce. Ka ɗaga ta a bakin titi, sai ka ga mai ƙosai ta juya maka baya, mai tura amalanke ya shige lungu, domin da yawa daga cikinsu takardunsu sun daɗe da mutuwa. Shi ya sa na tashi da ɗabi'a guda: ba na ɗaukar mutum sai mun zauna, ya san ni, na tambaye shi ya ce to.

Ranar da ciniki ya yi sanyi nakan tafi Balad, tsohon gari, in ɗauki tsofaffin gidaje. Can na saba da wani kafinta ɗan Nepal, gajere mai yawan dariya, yana cikin masu gyaran tagogin katako na gidajen nan masu tsawo. Wuninsa duk a kan siƙala yake yi, wato ƙarafa da katakan da ake kafawa a jikin gini a taka. Ni ko kallonsa na yi daga ƙasa sai in kau da kai. Da ya ji cewa ni da abokaina masu sha'awar hoto mun shirya tafiya ƙasarsu, sai ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce da Larabcinsa na kasuwa:

"Sadik, ka je ƙauyenmu. Ka ɗauko mini babana da mamata. Waya a can sai an hau tudu, murya kawai nake ji, ita ma a tsinke."

Na ce masa babu damuwa. Da na san abin da ke jirana, da na ce ƙafata ba ta hawan dutse, kuma da ban yi ƙarya ba.

Da muka isa Nepal na bar abokaina a birni, mota ta ajiye ni inda hanya ta ƙare, sauran kuwa a ƙafa. Ni da tudun da na fi sani shi ne matakalar gidanmu, na isa ƙauyen ina haki kamar tsohon jaki, yara na bina suna dariya. Ranar farko ban fito da kyamara ba. Na zauna a tsakar gidan su kafinta, aka ba ni shayi da madara, wani kawunsa da ya taɓa aiki a Dammam ta Saudiyya yana yi mana tafinta. Na gaishe da uwar, na gaishe da ƙanwarsa, sannan na tambayi mai gida. Kawun ya tashi, ya yafito ni zuwa bayan gida inda awaki suke.

"Ya akhi," ya ce, "tsohon ya rasu tun kafin damina. Ba mu gaya wa yaron ba."

Na tambaye shi dalili.

"Mun san halinsa. In ya ji, a ranar zai ajiye aiki. Kafilinsa, ubangidan da ya kai shi aiki, ba zai sake shi ba sai kwantiragi ya ƙare, shi kuwa ba zai jira ba, gudu zai yi ya zama mai laifi a ƙasarku. In ya kira, sai mu ce tsohon yana can saman dutse da dabbobi."

Da muka koma, uwar ta riƙe hannayena ta yi magana mai tsawo. Kawun ya taƙaita mini, ya ce tana cewa amana ce ta ba ni. Washegari da safe ita da kanta ta nemi in ɗauke ta, ta tsaya a bakin ƙofa ta gyara tsayuwa.

Tun a jirgi tsoro ya kama ni, kuma da na sauka Jidda bai sake ni ba. Abu biyu nake gani. Ko dai kafinta ya ji labarin ya gudu, a wayi gari an kama shi ko ya ɓace a cikin lungunan garin nan kamar sauran waɗanda na sani, ko kuma ya hau siƙala da labarin a zuciya, ƙafarsa ta zame. Na biyun ne ya fi hana ni sakat. Sai na daina zuwa Balad. Ya kira, na ƙi ɗauka. Ya sake kira, na ce mura ta kama ni. Duk gajeren mutumin da ya wuce ta ƙofar shagona sai gabana ya faɗi.

Ummata ce ta fara gane akwai magana, domin na bar shinkafa a faranti, abin da ban taɓa yi ba. Na kwashe labari na gaya mata. Ta ajiye cokali.

"La haula! Ya waladi, wa ya aike ka ɗaukar irin wannan kaya? Mutuwa ai ba ta ɓoyuwa."

"Umma, amana aka ba ni."

"To halas, shi ke nan, riƙe amanarka. Amma gudun da kake yi shi zai tona ka. Mutum ya aike ka wurin iyayensa, ka dawo kana laɓewa kamar ɓarawon kaza, me kake so ya zata? Yalla, tashi ka kai masa hoton uwarsa. Kuma kada ka kuskura ka miƙa masa komai yana tsaye. Mu dai haka muka gada, a zaunar da mutum, a ba shi ruwa tukuna."

Na zauna na tace hotunan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na cire wanda sandar tsohon ta fito a jingine da bango. Na cire na ƙanwar, domin idonta ya yi ja. Na cire na kawun, don fuskarsa ba ta iya ƙarya ba. Wanda ya rage shi ne na uwar a bakin ƙofa, rana ta haske ta, har da ɗan murmushi. Tana sanye da fararen kaya tas. Na ga sauran matan ƙauyen da jajaye, amma ban kawo komai a raina ba. A wurinmu ai fari kayan Juma'a ne, kayan alhazai, sai na ɗauka ado ta yi saboda ɗanta. Na wanke shi babba, na sa a ambulan, na shirya abin da zan ce game da tsohon: yana saman dutse, ƙafata ta kasa kai ni.

Na je Balad, na sami kafinta a can saman siƙala. Da ya hango ni ya fara ɗaga hannu yana ihu, ni kuwa ina roƙonsa ya riƙe ƙarfe da hannu biyu. Ya ce in jefa masa ambulan ɗin, na ƙi. Ya sauko, na ja shi wurin wani mai shayi a inuwar bango, na zaunar da shi, na sayi ruwa na ba shi. Yana ta yi mini tsiya wai duwatsu sun ramar da ni. Na fara karanto masa ƙaryata tun bai tambaya ba, shi kuwa ya riga ya zaro hoton.

Dariyar ta tsaya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗora yatsa a wuyan uwarsa, ya matsar da shi zuwa goshinta.

"Ina jajayen duwatsun wuyanta?" ya ce a hankali. "Tun ranar aurenta ba ta taɓa cire su ba. Ina jan da take sawa a goshi?"

Na ce ban sani ba, wataƙila ta manta.

"Sadik, a wurinmu mace ba ta cire su ta sa fari sai mijinta ya mutu."

Na kama gwiwar hannunsa, don na tabbata yanzu zai miƙe ya ruga, kuma ban san abin da zan yi ba in ya miƙe. Bai motsa ba. Ya tambaye ni yaushe, na ce kafin damina. Ya gyaɗa kai yana lissafi a zuci, na san kiran wayar da ya yi tun daga lokacin yake tunawa. Ya tambaya ko uwar tana cin abinci, na ce tana ci. Ya mayar da hoton cikin ambulan, ya sa a cikin rigarsa.

"Kada ka gaya musu na sani," ya ce. "In sun san na sani, mamata ba za ta ƙara barci ba. Bar su su ci gaba da cewa yana saman dutse."

Na roƙe shi ya nemi hutun yini biyu wurin mudirin aikin, wato shugabansu. Ya ce in ya nema za a tambaye shi dalili, in kuwa ya buɗe baki ya faɗa, ba zai iya zama a ƙasar nan ba.

Washegari ban buɗe shago ba, na yi sammako zuwa Balad da zuciyata a hannu. Na same shi ya zo aiki. Ya aske kansa ƙwal, kamar yadda ɗa yake yi a ƙasarsu in uba ya mutu. Mai shayin nan ya gan shi, ya washe baki ya ce, "Masha Allah! Umra maƙbula!" Kafinta ya ce masa shukran. Ya saƙala guduma a ƙugu, ya kama ƙarfe ya fara hawa. Na tsaya daidai ƙarƙashinsa, rana na dukana, ina bin ƙafafunsa da ido. Na san sarai in ya faɗo hannuwana ba za su tare shi ba, amma na kasa matsawa daga wurin har aka kira azahar.