Yaya Sabo da Kwamfuta Mai Ƙwaƙwalwa Biyu

Ku matso kusa, in tuna muku da yayana Sabo, mai rabon ruwan kanal. Kun dai san shi da sandar nan tasa. Mutumin da ko ka rantse masa ruwa ya kai gonarka, sai ya tsoma sanda ya gani. Ranar bikin 'yata Rabi na ce masa, "Yaya, kowa ya ci tuwo."

Ya ce, "Wane ne Kowa? Kira min shi in tambaye shi."

Haka ya bi tabarma-tabarma, sai ga tsofaffi uku a bayan rumbu ko loma ba su gani ba!

To, shekarar da ƙungiyar manoman rani ta samu kwamfuta, a zaurena aka ajiye ta, Rabi ke bugawa. Ranar wata Alhamis aka ce kafin la'asar a kai sunayen manoma garin Kura, wanda babu sunansa babu takinsa. Firinta kuwa, wato injin buga takarda, ta ƙi fitar da ko shafi ɗaya. Aka ɗauko mai gyara daga Kano, da jakarsa da tabarau.

Ya buɗe wani allo a kwamfutar mai akwatuna biyu da koren zane, ya ce, "Baba, ƙwaƙwalwa biyu gare ta, kuma kashi hamsin kawai take aiki. Lafiyarta lau. Firintar ce ta mutu, ku nemi wata."

Yaya na gefe, sai ya kai sanda har jikin gilashin kwamfutar. Rabi ta yi ihu.

Yaya ya ce, "Wannan akwatin fa, me ya sa ya cika har wuya?"

"Yana aiki ne."

"Wancan kuma?"

"Yana hutawa."

"Au! Ɗari da babu ka haɗa ka raba biyu? Yaro, in gonar Audu ta yi ambaliya ta Tanko ta bushe, sai ka ce kowa ya sha rabi? Wani ne ya toshe hanya yana shanyewa shi kaɗai. Nemo min shi!"

"Baba, ba kanal ba ce."

"Ni ma ba kifi ba ne. Nemo!"

Da ƙunƙuni mai gyara ya buɗe jerin ayyukan da kwamfutar take yi. Sai ga guda ɗaya a kafe kan hamsin cif, ya cinye ƙwaƙwalwa guda: aikin da ke tura takarda ga firinta ne ya maƙale. Ya kashe shi ya tayar. Wallahi kafin in ajiye ludayin fura, firinta ta kama aman takarda! Manoma suka ɗau kabbara a ƙofar gida, wani mai babur ya fizge da sunaye, Yaya kuwa ya ce wa mai gyara, "Zauna ka sha fura, ka sha wahalar kallona."

Taki ya iso, tumatir ya yi har muka rasa kwando. Da damina ta faɗi, Yaya ya kwanta bai tashi ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya shayar da shi ruwan Alkausara.

Ni dai dariya na yi ta yi ranar nan, har ya tafi ban ce masa na gode ba. Ku da kuka kwashi takin, akwai wanda ya ce masa?