Ɗanmusa Mai Hoto da Laimar Tashar Gusau

Kafin rana ta leƙo kan rumfunan kasuwar Bukkuyum, Malam Ɗanmusa ya riga ya zauna a ƙofar shagonsa yana goge idon kyamara da wani tsohon ƙyallen rawani. In ya gama, sai ya ɗaure ƙafafun kyamarar a bayan babur, ya naɗe labulensa mai zanen gidan sama da jirgi, ya yi bisimilla ya kama hanya. Yau Anka, gobe Gummi, jibi gida. Duk kasuwar da ya sauka, yakan jingine allonsa a gindin bishiya, ya manna hotunan da ya wanko, masu su su zo su karɓa, sauran jama'a su sha kallo. Haka muka taso muka tarar da shi.

Ban taɓa rubuta abin da mutane za su karanta ba, kuma akwai waɗanda suka fi ni sanin sa nesa ba kusa ba. Amma da na ji an ce bana zai ajiye kyamara saboda idonsa ya fara hazo, ban kuma ji wani ya tashi ya gode masa ba, sai na ce bari in faɗi abin da na ji daga bakin waɗanda suka gani.

Kowa ya san agogon Ɗanmusa. Agogo ɗaya ne, bai ma cika tafiya ba, amma rabin magidantan ƙasar nan sun ɗaura shi a hoto. Yakan ara wa manomi hula, ya gyara masa wuyan riga, ya ce, “Ɗaga kai, Alhaji, gero kaka nomawa, ba sata ba.” Bai taɓa ɗaukar mace ba tare da ta ce a ɗauke ta ba. Da mutane suka fara cewa sun gaji da gidan sama na labule, na gaske suke so, sai ya fito da abin da yake kira rakiya. In za ka Sakkwato ko Gusau, ka kai masa goro ka kama rana. Zai shiga mota tare da kai, ya tsayar da kai a ƙofar babban masallaci, ko shataletale, ko bakin filin jirgi, ya ɗauke ka a inda ƙafarka ta taka da gaske. Masu rakiyar alhazai sun yi, amare da angwaye sun yi, ɗaliban da suka ci jarrabawa sun yi.

A cikin rakiyoyin nan akwai guda da Gwaggo Balaraba mai fura ba ta gajiya da ba da labarinta, don da ita aka je.

Inna Aisatu Bafulatana ce mai sayar da nono, kusa da Gwaggo take ajiye ƙwaryarta ran kasuwa. Ɗanta na fari sunansa Manu. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta mutanensu ta fi ta kowa tsanani. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Tun da aka yaye shi aka kai shi Anka wurin yayan ubansa, Modibbo, can ya yi makaranta. In ya zo ruga gaishe ta, takan juya baya ta amsa wa ƙwarya. Sai ga labari an ɗauke shi soja, zai hau jirgin ƙasa a Gusau ya tafi Zariya.

Aisatu ta san abin da ake nufi da soja. Wanta ya tafi lokacin yaƙin basasa bai dawo ba, kuma yanzu ko ta runtse ido fuskarsa ba ta zuwa mata. Wan nata kuwa ta yi shekaru tana kallonsa. To, ina ga ɗan da ba ta taɓa duba sosai ba?

Ran kasuwa ta ja Gwaggo Balaraba suka tsaya gaban allon hotuna. Ta daɗe tana kallon fuskokin mutanen da ba ta sani ba. Ɗanmusa ya lura, ya ce, “Inna, ko kin ga naki ciki?”

“Kaɗo, mi za ni yi da hoto? Nagge tana hoto?”

“Nagge ta yi, har da ɗan maraƙinta. Ran nan niɗ ɗauke su Gummi.”

Can ta kwance bakin zane, ta ajiye goro a kan sirdin babur ba ta dube shi ba.

“An ce kana zuwa Gusau.”

“Ina zuwa. Wa za a raka?”

“Ni dai za ni in ga jirgi.”

“Jirgi kaɗai?”

“Akwai wani da za shi hau.”

“Wane na?”

“Wani dai. Na gidanmu.”

Gwaggo Balaraba ta buɗe baki za ta faɗi sunan, Aisatu ta taka mata ƙafa. Ɗanmusa ya ga takun. Ya ɗauki goron ya sa aljihu, ya ce, “To, Inna, za a yi miki hoto da jirgi. Wanda Allah Yas sa ya gitta kuma, ba ruwana.”

Kai ne ka ji abin da ba a faɗa ba, Malam, ba ka kuma tilasta wa baiwar Allah ta faɗa ba.

Ranar tafiya motar ta biya ta Anka ta ɗauki Manu da Modibbo da wasu dattawan ruga. Da Manu ya shigo, Aisatu ta ja mayafi ta juya fuska ga taga, haka ta zauna har Gusau. Gwaggo ta ce wuyanta ma ya yi mata ciwo don tausayi.

Sun iske tashar cike, masu lemo da rake na ta kai da kawo, jirgin yana tsaye yana huci. Ɗanmusa ya kafa kyamara gaban allon da aka rubuta sunan garin. Ya fara da Manu shi kaɗai, da askinsa sabo da akwatinsa na ƙarfe. Yaron ya ƙame, ya haɗe fuska kamar an riga an ba shi bindiga. Sannan aka yi na dattawa. Mutane suka fara hawa jirgi. Aisatu tana can gefe bayan Gwaggo, ko motsi ba ta yi ba.

“Saura mai ganin jirgi,” in ji Ɗanmusa. “Inna, taho nan.”

Ta zo tana jan ƙafa, ta tsaya inda ya nuna mata. Ya leƙa kyamara, ya ɗago, ya dubi sama, ya yi tsaki.

“Wagga rana za ta ɓata min aiki. Huskarta dut ta ƙone. Balaraba, miƙo laimar can.”

Gwaggo ta buɗe laima za ta riƙe, ya ce, “Ke? Gajeruwa awa turmi? Dogo nika so. Kai, soja! Zo ka riƙe wa wagga tsohuwa laima.”

Manu ya dubi Modibbo. Aisatu ta fara ja da baya. Modibbo ya gyara sandarsa a kafaɗa ya matso.

“Mai hoto, ba ka sani ba. Uwatai ta.”

“Modibbo, ni ban san uwa ba, rana nis sani. In kana da wani dogo, kawo shi. Kai ma ina da aikinka.” Ya zaro farin ƙyalle daga jaka ya danƙa masa. “Tsaya can, ka ware shi, ka ɗaga sama ya maido haske. Ka dubi ƙyallen hwa, in kad dubi wani wuri hasken ya karkace.”

Dattijon da ake jin tsoron maganarsa a ruga uku sai ga shi tsaye a tashar Gusau, hannuwa sama, yana zuba wa ƙyalle ido. Sauran dattawan suka koma kallonsa suna dariya ƙasa-ƙasa, suka manta da uwa da ɗa. Manu ya zo ya karɓi laima. Ba a matsayin ɗa ya tsaya ba, aiki aka sa shi, ita ma ba ta zauna da ɗa ba, mai hoto ne ya hana ta motsi. Kafaɗarsa ta kusa taɓa mayafinta.

Sai dai duk su biyun ƙasa suke kallo.

“Ku ɗago.”

Ba wanda ya ɗago.

“Inna, jirgi kika son gani ko yatsun ƙahwarki?”

Ta ƙara sunkuyawa. Wani ma'aikacin tasha ya wuce yana cewa masu tafiya su hau. Gwaggo ta ce ta ga gumi yana bin wuyan Ɗanmusa, yatsansa a kan maɓalli, bai danna ba. Da wani ne da ya ɗauka haka nan ya sallame su, ya kai wa tsohuwa hoton ƙeya biyu. Shi ya tsaya yana jira, bai san ma abin da yake jira ba.

Sai jirgin ya yi kuka.

Modibbo bai taɓa jin wannan ƙara kusa da kunnensa ba. Ya yi tsalle, ya watsar da ƙyalle, ya rarumi sandarsa yana salati, yana neman abin da zai doka. Manu ya kasa daurewa, ya ɗaga kai ya fashe da dariya. Aisatu kuwa, da ta ji dariyar a saman kanta, ta waiwaya kafin ta tuna ba a yi.

Ɗanmusa ya danna.

Ko minti ba a ƙara ba Manu ya miƙa laima, ya durƙusa ya gai da dattawa, ya durƙusa wajen da uwarsa take, ya ɗauki akwati ya ruga. Ita ta riga ta juya baya tana gyara ɗaurin zane.

Da aka wanke hoton, Ɗanmusa ya ga abin da ya kama. Yaro yana dariya, fuskarsa duk a buɗe, laima ta karkata gaba ɗaya kan tsohuwa, shi rana na dukansa. Ita kuma ta ɗaga ido tana kallonsa, irin kallon da in matan ruga suka gani za su yi shekara suna yi mata waƙa. Hoto ne da zai tara masa jama'a a kowace kasuwa, shi ma ya san bai taɓa yin kamarsa ba. Bai manna shi a allo ba.

Ran kasuwa Modibbo ya zo ya karɓi na dattawa da na Manu, ya duba allon sama da ƙasa.

“Ina wanda nir riƙe wa ƙyalle?”

“Yana wurin mai shi.”

“Ina son in gani.”

“Ga ta can tana saida nono. Tahi ka tambaye ta.”

Yayan miji ya je ya tsaya gaban matar ƙanensa yana roƙon ganin hotonta? Modibbo ya dubi inda take, ya dubi Ɗanmusa, ya ce, “Kaɗo, kai mugu na.” Ya saɓa sanda ya tafi yana murmushi.

Gaskiya a lokacin hoton bai kai hannunta ba tukuna. Sai da kasuwa ta fara watsewa Ɗanmusa ya je sayen nono, ya ɗaga faifan da ta rufe ƙwarya kamar mai duba kauri, ya saka hoton tsakanin faifai biyu, ya sha nononsa ya tashi.

Kasuwa ta zagayo. Aisatu ta zo ta ajiye ƙwarya, ta zauna kusa da Gwaggo Balaraba, ta daɗe tana kaɗa ludayi a cikin nono ba mai saye. Can ta matso, ta rage murya.

“Balaraba.”

“Na'am.”

“Ashe wancan yana da wushirya.”

Gwaggo ta ce ita da ta san wushiryar nan tun yaron yana ƙarami, sai ta tashi ta shiga bayan rumfa ta share ido.

Manu yana nan da ransa, yanzu kofur ne a Kaduna, yakan zo da sallah. Har gobe uwarsa ba ta kiran sunansa, in ya shigo takan juya baya. Da na je neman izininta kafin in rubuta wannan, ta yi dariya ta ce, “Rubuta, ɗiyata. Masu yi min waƙa ba su karatu. Amma ki ce rana ta, ba ni ba.” To, na faɗa: rana ce.

Malam Ɗanmusa, ɗan Bukkuyum, mai ido da kunya, mun gode. Kai ne ka bi mutanenmu zuwa birni ka tsayar da su a gaban manyan gine-gine ba ka bari ginin ya fi su girma ba. Kai ne ka san hoton da ake nunawa da wanda ake ɓoyewa. Allah Ya ƙara wa idonka haske, Ya sa ka huta cikin lafiya, Ya saka maka da abin da ya fi.

Ku kuma samarin da kuka fara yawo da sababbin kyamarori masu kala, ku je ku zauna a ƙofar shagonsa tun yana iya ba ku labari. Danna maɓalli ba wuya, kowa zai koya a yini guda. Ku tambaye shi yadda ake yi in tsohuwa ta ajiye goro ta ce jirgi kawai take son gani.